Magina uku, lissafi uku: wa zan ba yaɓen gidana a Garwa?

Wani Alhaji ɗan kasuwa mazaunin Duwala a Kamaru ne ya aiko da tambayar. Ya gama ɗora gidan bulo a unguwar Jambutu a Garwa, arewacin ƙasar, tsawo mita 12, faɗi mita 10, an buga kwano, saura yaɓen waje da fenti. Magina uku sun je sun duba. Na farko ya ce buhu 14 na siminti sun ishe shi, kuma kuɗin hannunsa ya fi na kowa sauƙi. Na biyu ya ce 22. Na uku ya ce 35, kuma a danƙa masa kuɗin gaba ɗaya ya sayi kaya da kansa. A gefen gabas akwai tsohuwar katangar ƙasa da ya tarar a filin, yana so a shafe ta da siminti ita ma. Abin da ke ba shi tsoro shi ne gidan yayansa, wanda aka yaɓe damina biyu da suka wuce amma tuni yaɓen yake zubowa. Wa zai ɗauka, yaya zai biya, yaushe kuma ya kamata a fara?

Alhaji, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a shiga lafiya.

Bari mu soma da buhunan nan, tunda su ne abin da za ka iya tantancewa daga Duwala ba tare da ka hau mota ba. Kewayen gidanka mita 44 ne. Idan tsayin bangon daga ƙasa zuwa bakin kwano mita 3 da rabi ne, kamar yawancin gidajen da ba bene ba, ka sami murabba'in mita 154. Cire ƙofofi da tagogi, a ce saura 135. Yaɓen waje na kirki kaurinsa santimita 2 ne idan an haɗa dukkan shafe-shafensa, kuma a wannan kauri buhu ɗaya mai kilo 50 yana rufe murabba'in mita 6 zuwa 7. In ka raba, buhu 19 zuwa 23 za ka samu. Yashi kuwa wajen baro 50 zuwa 55.

Mai buhu 14 ɗayan uku zai yi. Ko ya tsinka yaɓen ya koma kaurin santimita ɗaya, bayan damina guda ka riƙa ƙirga bulo ta cikin fenti. Ko ya cika yashi, baro huɗu a buhu, irin yaɓen da in ka murza da tafin hannu yake zubowa. Ko kuma da gangan ya faɗi kaɗan don ya karɓi aikin, in an kai rabi ya bugo maka waya ya ce siminti ya ƙare, a lokacin da ba ka da yadda za ka yi. Mai buhu 35 kuwa kada ka yi saurin cewa ɓarawo ne. Mai yiwuwa ya ga abin da sauran ba su gani ba, wato bangon ya karkace. Ka sa wani ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya kuma sako igiya mai ɗan nauyi daga sama. Idan a wasu wurare tazarar da ke tsakanin igiya da bulo ta kai yatsa biyu, lallai za a ci siminti fiye da lissafina, kuma sai an cike ramukan daban an bar su sun kama kafin a yi yaɓen, domin kwaɓin da ya yi kauri da yawa a shafa ɗaya nauyinsa ke janyo shi ƙasa. Idan kuwa bangon a miƙe yake sak, to buhu 12 ko 13 na sama ba jikin gidanka za su shiga ba.

Lissafi dai ya ba na biyu gaskiya. Amma iya lissafi daban, iya yaɓe daban, don haka kada ka ba shi aikin tukuna. Ka ce ya nuna gidaje biyu ko uku da ya yaɓe, kuma ba na bana ba, waɗanda suka ga damina biyu zuwa sama. Sabon yaɓe kowa nasa mai kyau ne. Wanda ka aika ya tafi da makulli ko ɗan guntun ƙarfe ya riƙa ƙwanƙwasa bangon: inda yaɓe ya kama ƙarar a dunƙule take, inda ya rabu da bulo sai ka ji ƙarar fanko. Ya duba gindin bango, ƙasan tagogi, da kuma bangon gabas musamman, domin a ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa, ruwa da iska bangon gabas suke fara duka. Sannan ya koma wurin mai gidan shi kaɗai, ba tare da maginin ba, ya tambaye shi: ya gama a lokacin da ya ce? Ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiya? Da aka kira shi gyara ya zo? Mutanenmu ba sa son kushe mutum a gaban idonsa, sai ya ba da baya ake jin gaskiyar magana.

Gidan yayanka ma makaranta ce, ka sa a duba yadda yaɓen ke zubowa. Idan falle-falle yake faɗowa, bulon baya kuma fes ba abin da ya manne masa, an yi yaɓen ne a kan busasshen bango mai ƙura, ba a yi feshin farko ba, wato kwaɓin da ake fara watsa wa bulo kafin yaɓe. Idan marmashewa yake yi, ya zama yashi a hannu, ko siminti ya yi kaɗan ko ba a shayar da shi ba. Idan daga ƙasa zuwa gwiwa ne kawai ya lalace, ga farin gishiri-gishiri a jiki, danshi ne ke hawowa daga ƙasa ko ruwan kwano ke fallatsa masa. Idan ƙananan tsaga ne birjik ko'ina, siminti ya yi yawa a shafar ƙarshe, ko yashin yana da laka, ko rana ta ƙona shi. Kowanne da mai laifinsa, kuma ba kullum magini ba ne; sau da yawa mai gida ne ya ƙi sayen ruwa.

Idan ka zauna da maginin, ko a waya ne, kada ka faɗa masa abin da kake so ka ji. Ce masa kawai ya kwatanta maka yadda zai yi aikin tun daga ranar farko. Wanda ya san sana'arsa zai fara da share bango da jiƙa shi tun daren jiya da kuma safiyar aikin. Zai ambaci feshin farko: kwaɓi mai ruwa-ruwa, siminti ɗaya yashi mai kaushi biyu, ana watsa shi da ƙarfi a jikin bulo a bar shi da ƙurji-ƙurjinsa, a jira kwana biyu. Sannan babbar shafa, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, buhu ɗaya a baro biyu da rabi, wato kusan siminti ɗaya yashi huɗu idan baron mai lita 60 ne, a ja ta da dogon katako ta miƙe, a karce fuskarta. Bayan kamar mako guda sai shafar ƙarshe, siririya, wadda simintinta bai kai na ta ƙarƙashinta ba. Ƙa'idar kenan: kowace shafa ta fi wadda ke samanta ƙarfi. In aka juya, ta sama ta ja ta ƙasa ta tsage. Shafar ƙarshe a waje da katako ko soso ake goge ta. Maginin da ke barbaɗa tsurar siminti ya goge da cokalin ƙarfe don bango ya yi sheƙi, kyan mako ɗaya yake sayar maka.

Na san yawancin magina a Garwa da Marwa shafa biyu suke yi, feshi da babbar shafa, su gama a nan. Idan bangon a miƙe yake kuma za a yi fenti mai kyau, ban ce haramun ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shafa ɗaya tak a kan bulo, ko a yi feshi da safe a rufe shi da azahar. Ka kuma saurara ko zai ambaci ragar waya a wuraren da ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo. Kankare da bulo ba sa buɗewa da tsukewa daidai idan rana ta buga, shi ya sa kake ganin miƙaƙƙiyar tsaga a gefen ginshiƙai da ƙarƙashin lintal a gidaje da yawa. Ragar kaji mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da aka kafe a kan mahaɗar kafin yaɓe tana rage wannan ƙwarai, kuɗinta kuma ba ya kai na buhu biyu ko uku na siminti. Haka nan duk bututun wuta da na ruwa, da firam ɗin tagogi, a gama kafa su kafin a fara. Wurin da aka fasa aka yi faci ba ya ɓuya.

Yanzu ga tambayar da na fi ba muhimmanci, wadda ba ta cikin lissafin ko ɗaya daga cikin maginan nan uku: wa zai shayar da bangon? Mutane suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Ruwa yake haɗuwa da shi a hankali, kwana da kwanaki, yana ɗaure ƙwayoyin yashi. Ranar da ruwan ya ƙafe, ranar ƙarfin ya tsaya inda ya kai. Kankaren ginshiƙi yana da kaurin da zai riƙe ruwansa. Yaɓe kuwa santimita biyu ne kacal, bulo yana tsotsarsa ta baya, rana da iska suna tsotsarsa ta gaba. A Garwa, inda a watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40, yaɓen da aka yi da hantsi yana iya mutuwa kafin la'asar. Dole a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, a lokacin zafi har da rana, kwana 7 a jere bayan kowace babbar shafa, ana farawa da zarar ya kama yadda ruwan ba zai wanke shi ba. Bangon yamma da ke shan ranar la'asar a rataya masa jiƙaƙƙun buhunan algarara ko tsofaffin tabarmi.

Abin da ke faruwa kullum shi ne, magini ya gama ranar Alhamis, ya karɓi kuɗinsa, ya ce wa mai gadi "a riƙa zuba ruwa", ya wuce wani aikin. Mai gadi ya zuba bokiti biyu ranar Juma'a, ruwan ya ƙare, ba wanda ya bar masa kuɗin 'yan garuwa. Kai kana Duwala ana turo maka hoton bango sumul. Saboda haka ka sa shayarwa ta zama aiki mai zaman kanta, da sunan mai yi, da ladansa na kowace rana, da duro biyu ko tanki cike a wurin tun kafin a kwaɓa buhun farko. Ka ce a riƙa turo maka hoton jiƙaƙƙen bango ta WhatsApp safe da yamma. A ra'ayina ma maginin ne ya kamata ya bar yaronsa ɗaya yana yi, kuma wani kaso na kuɗinsa ya rataya a kan haka, domin in ya san aljihunsa na ciki ba zai bar wa mai gadi ba. Ruwan kuma ya zama wanda za a iya sha. Na rijiya mai zartsi shi ke fito da farin gishirin nan da ke tura fenti.

Daga nan za ka gane amsar yaushe. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, iska na da sauran laima, rijiyoyi a cike, kogin Binuwai ya fara ja da baya yashi ya fara samuwa. Cikin tsakiyar hunturu, Janairu da Fabrairu, sanyin na yaudarar mutane, alhali busasshiyar iskar tana zuƙe ruwan yaɓe kamar yadda rana ke yi, ga ƙura da ke hana shafa ta biyu da fenti kamawa. Bazara ita ce mafi muni. In ta kama dole, a fara da asuba a dakata kafin ƙarfe 11 sai kuma yamma, a riƙa bin inuwa, bangon yamma da safe, na gabas da yamma. Damina ba laifi ga siminti, har taimaka masa take yi, sai dai ruwan sama na iya wanke aikin yini guda cikin minti goma in ba leda a kusa, yashi yana tsada idan kogi ya cika a watan Agusta, lebura kuma rabinsu suna gona. In aikin ya faɗo cikin azumi, ka ƙara kwanaki a lissafinka, kada ka matsa wa masu ƙishirwa su yi gaggawa a kan tsani.

Kaya kuwa kai za ka saya. Tsarin "a ba ni kuɗi in kawo komai" yana da kyau ne kawai da kamfani mai rajista da injiniya mai duba shi. Da magini ɗaya kuma mai gida ba ya gari, duk buhun da bai shiga bango ba ribarsa ce, kuma bai kamata ka ɗora wa bawan Allah wannan jarrabawa ba. Siminti a Garwa ba wahala, masana'antar CIMENCAM ta Figil tana nan kimanin kilomita 90 a hanyar Marwa, ga na Duwala, ga mai shigowa daga Najeriya. Don yaɓe, siminti mai lambar ƙarfi 32.5 ya wadatar, ba sai ka biya kuɗin 42.5 ba. Abin dubawa shi ne sabunta: buhun da ya haura wata 3 a shago, ko wanda ka ji dunƙule a cikinsa da ba ya murjewa da yatsa, a mayar. Kada a sauke duka lokaci ɗaya. Buhu 8 ko 10 a kowane zubi, a ajiye su a kan katako a ɗaki mai makulli, kuma ba a fitar da sabo sai an kawo fankon na jiya. Kwaɓin da ya wuce awa ɗaya a ƙasa cikin zafin nan ya tashi aiki. Lebura sukan ƙara masa ruwa su sake juyawa, wannan shi ne facin da ke fara faɗuwa.

Yashi ya fi siminti kashe yaɓe. Na kogi ake so, na Binuwai ko na cikin mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, mai tsabta da ɗan kaushi, a tace shi da raga. Wanda aka kwaso a bakin hanya ko gefen gona laka gare shi, kuma wasu magina sun fi son sa don yana da laushin aiki a cokali. Gwajinsa ba ya cin ko dala: a zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. Idan kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, a nemi wani.

Sai katangar ƙasa. A nan, Alhaji, shawarata ita ce kada ka shafe ta da siminti. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Siminti ba ya bin ta. Ba a jimawa sai ya rabu da ita ta ciki, ya tsage ta sama, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Tamkar ka sa wa mai zufa rigar leda ne. Daga waje katanga lafiya lau, daga ciki ta zama taɓo, gara kuma ta sami mafaka inda ba mai ganinta, har wata rana cikin Agusta ta kwanta gaba ɗaya. Ga shi kuma ta gabas ce, mai shan dukan ruwa. Magabata ba don rashin wayo suke yaɓen ƙasa da ƙasa ba. Maginan Hausa suna haɗa ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a Kano kuma har laso suke yi da katsin marina don rufin soro. Dogayen ɗakunan ƙabilar Musgum na wajen Pus a arewacin Kamaru da gidajen ƙabilar Kotoko na Gawi kusa da Njamena da ƙasa suke tsaye, abin da ke riƙe su shi ne sabunta yaɓe a kai a kai.

Abin da katangar ke bukata shi ne hula da takalmi. A sama a yi mata rufi, na kwano ko na siraran falankin kankare, wanda ya zarce kaurinta ta kowane gefe yadda ruwa zai ɗiga nesa da jikinta. A ƙasa a yi mata dakali na dutse ko bulo zuwa kamar santimita 40 ko 50, a gyara gangaren ƙasa ruwa ya daina kwanciya a gindinta. Tsakiya kuma a yaɓe da ƙasa mai ciyawa, ko da yashi da farar ƙasar nan ta dutse da magina ke kira sho, wadda ake ƙonawa a Figil, domin ita tana barin bango ya yi numfashi. Wannan aikin tsohon maginin ƙasa za ka nema masa, na bulo ba lallai ya iya ba, ko da ya ce ya iya. In kuwa ka ce kai dai fuskar siminti kake so don ta dace da sabon gida, gara ka tara kuɗi ka rushe ta ka ɗora ta bulo da ka kashe su a kan ƙusoshi da raga.

In ka zo sabuwar katanga, ka fara sanin ƙasar filinka. Wurare da yawa a kwarin Binuwai da kewayen Marwa baƙar laka ce, karal ɗin nan da ake dasa masakwa, wato dawar rani, mai darewa da rani ta kumbura da damina. Katangar da aka ɗora a kanta da guntun tushe sai ta tsage, kuma ba yaɓen da zai rufe tsagar da ke motsi. Idan akwai tsaga a ginin yanzu, a shafa ɗan siminti a gicciye a kanta a rubuta kwanan wata. In bayan makonni ya sake tsagewa, maganar ta wuce mai yaɓe, injiniya za a kira. Doguwar katanga a riƙa raba ta da tsaga ta gangan bayan kowane ginshiƙi uku ko huɗu, a bar kafofin fitar ruwa a gindinta. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a Garwa ya san abin da ruwan da aka tare a tsakar gida yake yi wa katanga. Ta bakin titi kuma kada a haƙa tushe sai an nemo duwatsun iyaka an kuma leƙa ofishin magajin gari. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta wajabta izinin gini, kuma rusau ba ya tambayar nawa ka kashe a fenti.

Batun biya: a yi jinga, a kan murabba'in mita, a auna tare kafin a fara, a kuma rubuta. Wasu suna ganin rubutu rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Takarda ɗaya ta isa, da Faransanci ko Hausa ko Fulatanci, duk wanda maginin ke ji, a karanta masa a gaban shaidu biyu, in da hali da sanin jauro ko lawan na unguwa. A sa yawan mita, kuɗin kowace mita, yawan shafa, baro nawa a buhu, wa zai kawo katakon tsayawa da tsani, wa zai shayar, wa zai kwashe baraguzai, ranar farawa da ta gamawa. A fayyace gefunan tagogi da ƙofofi da kwalliyar ginshiƙai suna ciki ko suna waje, domin a nan rigima ta fi tashi: sai an gama ya ce waɗannan da mitar tsawo ake biyansu daban. Dokar farar hula da ake aiki da ita a wannan ɓangare na Kamaru, a sashe na 1793, ta hana wanda ya karɓi gini a kan dunƙulallen farashi neman ƙari sai da yardar mai gida a rubuce, amma wanda ba shi da takarda ba shi da abin nunawa.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hannu, tunda ba kaya zai saya ba. Sauran a bi aiki: wani kaso bayan feshi, wani bayan babbar shafa ta cika kwana 7 tana shan ruwa an kuma ƙwanƙwasa ta, wani bayan ta ƙarshe. Kullum aikin da ke jikin bango ya fi kuɗin da ya fita yawa. Ka riƙe kashi 10 cikin 100, ita ma gwamnati haka take riƙe wa 'yan kwangilarta, amma ka faɗa masa tun ranar farko da kuma ranar da za ka sake su, ko bayan wata guda ko bayan manyan ruwan farko. Ta Orange Money ko MTN za ka riƙa turawa, kai tsaye zuwa lambarsa, don shaida ta zauna. Kai ma kuma ka cika naka: ranar da aka ce biya, a biya. Magini da yaransa abin da suka samu yau shi za su ci gobe, kuma wanda aka ja wa rai mako biyu dole ya tafi wani aikin ya bar naka rabi, mahaɗar tsohon yaɓe da sabo kuwa ba ta ɓacewa. Ka riƙa tambayar ko leburan sun sami nasu.

Wakilinka a wurin ya zama mutumin da ba shi ya kawo maginin ba, ba kuma surukinsa ko abokin shan shayinsa ba ne. Ba sai ya san gini ba. Ya iya ƙirga baro da buhu, ya iya cewa a'a. Kafin a ba da aikin duka, ka biya maginin ya yi gwaji a bangon baya, murabba'in mita uku ko huɗu, a shayar, a jira kwana goma, a karce da ƙusa. In ƙusar ta bar farin zane kawai, ka ba shi. In ta yi rami, kuɗin buhu ɗaya ka yi asara. A kuma duba wayar wutar lantarki idan ta bi kusa da bango, dogon ƙarfen jan yaɓe a hannun mutumin da ke tsaye a kan jiƙaƙƙen katako ba abin wasa ba ne. Ku yi maganar wa zai ɗauki magani in wani ya faɗo tun kafin a hau.

Fenti sai yaɓe ya yi mako huɗu. Sabon siminti yana da kaifin da ke cin launi, ga danshin da ke kumbura fenti. A waje na ruwa ake so, wanda aka yi don waje, shafar share fage ɗaya da ta launi biyu, launin kuma mai haske don ɗakuna su rage zafi. Na mai yana toshe bango ya riƙa ɓarewa. Kai za ka sayi bokitan, a buɗe su a gaban wakilinka, domin tsinka fenti da ruwa ya fi satar siminti sauƙi. Feshin nan mai ƙurji da ake kira tiroliyen yana jure ruwa, ba ya bukatar fenti in an sa launi a kwaɓin, amma yana tara ƙurar hunturu yana kuma ɓoye karkataccen aiki, don haka a karɓi babbar shafar a miƙe kafin a fesa shi. Ƙasan kowace taga a yi masa gangare zuwa waje da ɗan tsagi a ƙarƙashi don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi bango. A zagaye gidan da daɓen siminti mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, mai gangare zuwa tsakar gida, inda ruwan kwano ke sauka. Dogon yaron da za a shuka don inuwa kuma a ja shi aƙalla mita biyar daga bango, musamman in ƙasar laka ce.